Takalmin Taya a Bakin Majami'a

Sanda dai manomi ne tun kafin komai. Yana da shekara arba'in da ɗaya, yana noman masara da waken suya a wani ƙauyen Maguzawa bayan Malumfashi, ikilisiyarsu ta tura shi makarantar horar da limaman Angalika. Ya zo da buhun gari da Littafin Addu'a da wata ɗabi'a mai ba ɗalibai dariya: ba ya shiga majami'a da takalmi.

Makarantar kuwa kowa da irin sujadarsa. Su Marcellinus, abokin ɗakinsa haifaffen Funtua, sai ganga da tafi har kwanon rufi na amsawa. Wasu kuma durƙuso ne da turare, ko tari ba ka ji. Sanda shi kaɗai ke tuɓe takalmi ya nemi bencin baya.

"Malam Sanda, masallaci ka zo?" in ji Marcellinus.

"Haka muka taso," ya ce, bai ƙara ba.

Akwai abin da bai gaya wa kowa ba. Ubansa ne mai yanka wa tsafin gidansu, shi kuma magajinsa. Ranar da aka yi wa Sanda baftisma, tsohon ya ce, "Duk inda ka shiga, ina bakin ƙofa ina jiranka mu koma gida." Ya mutu bai janye maganar ba.

A daminarsa ta biyu a makarantar, Sanda ya fito daga sujadar safe, sai ga takalmin taya kusa da nasa, da ɗanyar jar laka a jiki. An ɗaure igiyar na hagu da waya. Wallahi shi ya ɗaure wayar nan, shi kuma ya sa takalmin a kabarin ubansa da hannunsa! Bakin takalmin na kallon waje, wajen hanyar gida.

Ya jefa shi a rafi, kashegari yana nan. Tsoro ya kama bawan Allah, ya rame, tuwo ya daina wucewa. Ya tabbata ubansa ya zo tafiya da shi ne. Sai ya koma shiga da takalmi kamar kowa, yana fita ta ƙofar gefe. Ɗalibai suka ce ai Sanda ya waye.

Ranar Lahadin ƙarshe kafin a naɗa su limamai, bayan Jibin Ubangiji inda ake durƙusawa a karɓi gurasa mai tsarki, ya gaji da gudu, ya fita ta babbar ƙofa. Takalmin na nan, amma ya juya, bakinsa na kallon ciki.

Marcellinus ya dafa shi. "Kai, ka yi baƙo ba ka faɗa ba? Tsohon nan da ya durƙusa kusa da kai. Da na gan shi ba takalmi na ce naku ne."

Sanda ya ce, "Ya karɓi gurasar?"

"Ina! Kai kawai yake kallo. Da ka tashi ma ya riƙe maka riga."

Sanda ya duba bakin farar rigarsa, ya ga shatin yatsu huɗu na jar laka.

Yanzu shi ne limamin wata 'yar majami'a wajen Matazu. Yana barin a buga ganga, yana barin a yi durƙuso, amma ba ya barin kowa ya zauna a ƙarshen bencin baya. Har yau bai sani ba ko tsohon ya shigo ne don ya bi shi, ko gajiya ya yi da jira a waje.