Layina da Yatsan Malam Haruna

Na bar gidana da ke Gwarinpa ranar Talata da ƙarfe biyar da minti arba'in, bayan an sallame sallar asuba, da ambulan ɗin takardu a hammata da ƙaramar wayar uwargidana, Hajiya Rabi, a aljihu. Motata tana wurin bakanike, don haka tafiyar ta motar haya ce. Ina rubuta wannan ne domin 'yan uwa na Zariya da suka kwana huɗu suna kirana ana ce musu a kashe nake. Lafiyata ƙalau. Wayata ce ta ɓata ranar Lahadi da yamma, bayan na sauka daga jirgin ƙasan Kaduna.

Ba wayar ce ta hana ni barci ba. Inna, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta yi boko ba, saboda haka shekara huɗu kusan kullum takan sa ƙanwata ta danna mata waya, ta aiko mini da saƙon murya: gaisuwa, addu'a, labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu. Wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwarta, kuma muryarta ba ta saura a ko'ina ba sai a wayar nan, domin ta ƙanwar tawa ta daɗe da lalacewa. 'Yata ta tabbatar mini akwai kwafi a ma'ajiyar intanet, amma buɗe ta sai da kalmar sirri, wadda na manta, sabuwa kuma ba ta samuwa sai an turo lamba zuwa layina. Ashe komai a kan layin ya rataya. Ranar Litinin na sa an rufe shi, na yini a kotu ina karɓar takardar rantsuwa.

IDU

Na isa tashar jirgin ƙasa ta Idu da shida da minti ashirin da biyar, tafiyar kilomita goma sha biyar ko kusa da haka. A cikin keke mai ƙafa uku na ajiye wayar ranar Lahadi a kan kujera ina neman canji, don haka shugaban masu keke na nema. Na tarar da shi, wani Basakkwace mai furfura, yana shan kunu da ƙosai.

"Alhaji, ka riƙe lambar keken?"

"A'a."

"Fuskar direban fa? Fari ne ko baƙi, yaro ko magidanci?"

"Ban duba ba."

"To, me kake duba tun daga nan har gari?"

"Wayar."

Ya ajiye kofi ya ce, "Madalla. Ita dai ka yi mata kallon bankwana."

Ya jawo wani kwali na kayan tsintuwa: huluna, carbi, takalmin jariri ƙafa ɗaya, wayoyi biyu masu fasasshen gilashi. Tawa ba ta ciki. Na tafi ina jin haushin maganarsa, ba don ya yi ƙarya ba.

JABI

Da takwas da minti goma ina ƙofar ofishin kamfanin layin. Mai gadi ya miƙo mini guntuwar takarda mai lamba arba'in da bakwai. Ba a kira ni ba sai sha ɗaya da minti talatin da biyar.

Ma'aikaciyar matashiya ce, Hausarta irin ta Abuja. Ta karɓi takardar kotu, ta ce in rubuta lambobi biyar da na fi kira. Ni da na yi digiri biyu, na zauna da biro a hannu, lamba biyu kacal ta zo mini: ta Hajiya Rabi, da wadda Inna take kirana da ita. Sauran na cike daga ƙaramar wayar aljihuna. Daga nan ta ce in ɗora babban yatsa a kan na'ura. Na ɗora sau uku, na'urar tana nuna ja.

"Oga, wannan layi ba naka ba ne."

"Shekara goma sha biyar ina amfani da shi."

"Ka yi amfani, amma hoto ba kai ba ne. Wani tsoho ne da hula. Shi za ta zo da kansa."

Nan take abin ya dawo mini. Lokacin da aka tilasta rajistar layi, ba a daɗe da yi mini ƙarin girma a ma'aikata ba, ina ganin tsayuwa cikin rana ba ta dace da ni ba. Na cire layin na ba masinjan ofishinmu, ya je ya yi da sunansa da yatsansa. Da aka zo haɗa layi da lambar katin ɗan ƙasa, aka ce suna bai yi daidai ba, sai na sake aikensa ya haɗa da tasa. Sau biyu ina yaba wa kaina dabara.

"Mene ne sunansa?" in ji ta.

Na ce, "Baba." Na sosa ƙeya. "Baba Masinja muke ce masa."

Shekara goma sha ɗaya mutumin nan yana ɗaukar mini fayil, yana kai mini saƙo tasha. Na roƙe ta ta karanto mini sunan, ta ce doka ta hana. A nan na yi abin da nake jin kunyar rubutawa: na ɗaga murya, na fito da katin ma'aikata na ajiye a gabanta. Ta dube shi, ta turo mini abina.

"Oga, ko minista ne, na'ura yatsa ta sani."

Na fita na ci shinkafa da wake ta naira dubu ɗaya da ɗari biyar a tashar Jabi, ban ji ɗanɗanonta ba. Na yi azahar. Abin da kawai na sani shi ne, da Baba Masinja ya yi ritaya shekara uku da suka wuce, Kuje ya koma yana noma. Lambarsa kuwa tana cikin wayar da ta ɓata.

HANYAR KUJE

Mun tashi da biyu da kwata a tasi, huɗu a baya, biyu a gaba, ni ne na biyun, gwiwata tana gogar giya. A Lugbe na sauya mota, naira ɗari takwas. Cunkoso ya riƙe mu kusan rabin awa kafin mahaɗar Kuje. A shingen sojoji direba ya rage rediyo, aka leƙa fuskokinmu, aka ce mu wuce. Direban ya tambaye ni wa nake nema, na ba shi labari a taƙaice.

Ya ce, "Ba suna, ba lamba, ba unguwa? Alhaji, ka yi addu'a a gidan yari yake. Su can suna da rajista."

Mota ta ɗauki dariya. Ni ban yi ba. Mun shiga gari da huɗu da minti biyar, kilomita kusan arba'in daga Jabi.

KUJE

Na yi la'asar a masallacin tasha, na shiga tambaya. Masu lodi ba su san Baba Masinja ba, masu doya ba su san shi ba. Fiye da awa ɗaya ina zagaya kasuwa cikin babbar riga, ina tambayar mutum da sunan aikin da ya bari. Wani mai goro ya ce in kwatanta shi. Na laluba zuciyata ban sami tsawonsa ko tsagar fuskarsa ba. Abu ɗaya na tuna: shi yake kiran salla a masallacin ofis, kuma yakan ja ƙarshen kiran har sai numfashinsa ya kusa ɗaukewa.

"Ai Ladan Haruna kake nema," in ji mai goro. "Da ka faɗi haka tun ɗazu."

Ɗan acaɓa ya kai ni, kilomita uku a kan turɓaya. Kafin mu ga masallacin da yake ladanci na ji muryar tana kiran magariba, na ce ya tsaya, mun zo.

Bayan salla Malam Haruna ya juyo ya gan ni. Ya ƙara tsufa, ya kuma yi ƙarfi. Ya kama hannuna da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, Oga Bashir. Maraba, maraba. Wayar ce ta ɓata?"

"Yaya aka yi ka sani, Baba?"

"To, in ba ita ba, me zai kawo ka?"

Ba da zafi ya faɗa ba, shi ya sa ta shige ni. Da Inna ta rasu, mutumin nan har Zariya ya je ta'aziyya da kuɗin motarsa. Da maiɗakinsa ta rasu shekara guda kafin nan, saƙon rubutu na tura masa, layi biyu, daga layin da ke ɗauke da sunansa.

Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo sakwara da miyar kuɓewa, doyar gonarsa. Kafin in sa hannu na yi masa ta'aziyyar da ta makara shekara biyu. Ya ce, "Ta iso. Ta'aziyya ba ta tsufa." Ya gaya mini gobe ranar cirar doyarsa ce, ya riga ya gayyato mutane. Na ce ba zan matsa masa ba, amma na gaya masa abin da ke bayan layin. Sai ya aika a ce wa mutanen gona sai jibi. A ɗakin baƙinsa na kwana.

LARABA, JABI KUMA

Mun baro Kuje da shida saura minti goma, muka sami lamba sha biyu. Malam Haruna ya zo da dabino a aljihu. Cikin minti goma ya san sunan mai gadi da garinsu, aka samo masa kujera, ya ce in zauna, na ƙi.

Da aka kira mu, ma'aikaciyar jiya ta dube shi ta dubi allo, ta ce, "Yauwa, wannan shi ne." Ta karanto sunan a fili: Haruna Isa Ɗanladi. Na rubuta shi a bayan ambulan. Sai ta ce takardar kotun da sunana take, dole a yi wata da nasa. Na buɗe baki, Malam Haruna ya taɓa gwiwar hannuna. Muka tafi kotu muka dawo, awa biyu da rabi, aka bar mu mu shiga ba sabuwar lamba, albarkacin mai gadi.

Malam Haruna ya ɗora yatsa, na'ura ta ƙi. Fartanya ta cinye zanen. Sau huɗu yana ɗorawa. Ana cikin haka sabis ya ɗauke, muka zauna minti hamsin ina kallon agogon bango, ina lissafin cewa tsakanina da muryar mahaifiyata babu komai sai fatar yatsan wani mutum, wadda ta ƙare a gona ban ko tambayi yadda yake ci ba. Da sabis ya dawo, ya goga yatsan a gefen hancinsa inda maiƙo yake, ya hura masa iska, ya ɗora a hankali.

"Tun zamanin tantance ma'aikata muke wannan," in ji shi.

Na'ura ta nuna kore da ƙarfe ɗaya da minti ashirin. Aka miƙa masa sabon layi, shi kuma ya miƙo mini. Ma'aikaciyar ta ce in ina son a mayar da shi sunana, sai mun dawo mu biyu, wani layin jira ne daban za a bi. Na ba ta haƙuri a kan jiya, na kuma tambayi sunanta.

Na sayi waya a wani shago kusa, muka yi azahar, muka ci abinci. Layin ya tashi da uku da minti biyar muna zaune a benci a tasha, motar Lugbe tana lodi. Lamba ta shigo, ma'ajiya ta buɗe. Sai na ga kwanan watan kwafi na ƙarshe: wata goma sha huɗu da suka wuce. Ma'ajiyar ta cika tun lokacin, wayar ta sha gargaɗina, ni kuma kullum ina danna "daga baya". Saƙonnin wata ukun Inna na ƙarshe, har da wanda ta yi daga gadon asibiti, sun tafi da wayar. Na duba wanda zan ɗora wa laifi, kamfani ko mai keke ko 'yata, ban sami kowa ba.

Malam Haruna ya ce, "Sauran fa, suna nan?"

"Suna nan."

"To kunna mana mu ji Hajiya."

Na koma can baya, na danna ɗaya, na danna na biyu. A na uku, cikin hayaniyar masu lodi, Inna ta ce: "Bashir, saƙo ya iso, maganin ƙafa da zumar. Allah ya yi albarka. Ka gaishe mini da Malam Haruna da ya kai tasha, ya kira ni har sau biyu sai da direba ya iso. Ka tambayar mini shi ya jikin maiɗakinsa. Kada ka manta, na san halinka."

Na tuna ranar da na saurari saƙon nan, a kan teburina, shi yana tsaye a ƙofa da fayil. Ban isar ba. Inna da ba ta taɓa zama da shi ba ta san sunansa, ta san matarsa ba ta da lafiya.

Ya sunkuyar da kai wajen wayar, ya ce, "Ina amsawa, Hajiya."

Ya tashi ya shiga mota, don doya tana jiransa.

GIDA

Na iso Gwarinpa da biyar da rabi na yamma. Hajiya Rabi ta karɓi wayarta, ta dubi rigata da ta yi ja da ƙasar Kuje. Lambata tana nan yadda kuka san ta. Ranar Litinin zan je Kuje in ɗauko Malam Haruna mu mayar da layin sunana, kuma ni zan tsaya a layi shi ya zauna.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, ya kuma bar mini abin da ya bari na muryar Inna. Ina gode wa shugaban masu keke na Idu da mai goron Kuje, waɗanda su ma ban tambayi sunayensu ba, da ma'aikaciyar da ta tsaya a kan dokarta. Sannan ina gode wa Malam Haruna Isa Ɗanladi, ladan, manomin doya. Duk wanda ya karanta wannan a gida, ya sa maiɗakinsa a addu'a tare da Inna. Sunanta Hauwa'u. Na tambaya.