Turaren da Na Sa a Ɗakin Ɗaukar Murya

Jikana, ɗan babbar ɗiyata, shi ke da ɗakin ɗaukar murya a nan Illela, can bayan tasha, jikin rumfar mai shayi. Magidanci ne mai mata da ɗiya biyu, amma ni har gobe mijina nake ce masa, shi ko ya ce mini amarya. Aikinsa, in masu fim sun ɗauko hotonsu su kawo masa, ya gyara magana, ya sa kukan jaki inda jaki ya gitta, ya sa ƙarar ƙofa inda anka buɗe ƙofa. Ba shi kaɗai yake ba. Akwai abokinsa, mutumin Ƙonni, da ke ƙetaro iyaka kowace safiya bisa babur. Tun suna ƙanana suke tare, don iyayensu maza sun yi fataucin albasa tare. Wanga abokin shi ya ja wayoyin ɗakin duka, shi ya kafa faifan sola bisa rufi, ya jera batura a lungu.

Wata Juma'a da hantsi jikan nan ya shigo ya ce in yafa gyale. Wai an yi fim a bakin tafkin Kalmalo, iska ta cinye maganar wata tsohuwa da ke ciki, tsohuwar kuma ta koma garinsu.

"Amarya, aron murya na zo."

"Ji marar kunya. Cefane ya gagare ka, sai aron murya?"

"Hau babur dai, in mun taso in saya miki goro fari."

Ban taɓa shiga ɗakin ba sai ran nan. Ba taga ko ɗaya. Ƙofar an buga mata tsohuwar katifa ta ciki. Bango huɗu har da sama an lulluɓe su da soso, bisa soson an manna kwalayen ƙwai, ƙasa an shimfiɗa darduma mai kauri. Da ya rufe ƙofa sai hayaniyar tasha ta ɗauke ɗif, har haɗiyar miyauna nake ji. Sai dai wari. Zufar maza, da takalma, da iskar da ta daɗe ba ta fita ba. Na dai riƙe abin a raina.

Sunka ɗora mini wani abu bisa kunnuwa, sunka tsayar da ni gaban makirfo. Maganar guntuwa ce: ku fito da komar nan, rana ta yi. Na faɗa, na sake faɗa, har na gaji da ƙirga. Abokin na zaune gaban kwamfuta shina dariya.

"Kaka, kin cika ladabi. Yi kamar mai kifi ya cuce ki."

Na daka tsawa. Sunka tafa hannu, sunka ce ta yi.

Ana cikin haka ladan ya yi kira. Jikana ya ce in zauna a inuwar rumfa, su je masallaci su dawo ya maida ni gida. Bai sa kwaɗo ba, tunda ina nan. Mai shayi ma ya rufe wutarsa da toka ya bi su. Titi ya yi tsit.

To ni, tun ina yarinya uwata ta koya mini ba a barin ɗaki da wari ranar Juma'a. Kuma ba na rabo da turaren wuta, ni ke haɗa abina, kullum akwai ƙulli a bakin zanena. Na samu wani faffaɗan tsingaro a gindin bango, na tone tokar mai shayi na ɗebi garwashi uku. Na shiga na ajiye shi can jikin bango, don kada wani ya shigo ya yi tuntuɓe da shi. Na barbaɗa turare, hayaƙi ya tashi siriri. Sannan na fito na ja ƙofa na rufe ta gam, don haka ake yi, sai an rufe ɗaki ƙamshi ke kama kaya. Raina fari ƙal. Ina cewa in sun dawo za su san mace ta shiga wurin.

Da na ga lokaci na tafiya, na taka zuwa gidan ɗiyata, lungu uku ne tsakani, don in yi alwala in yi salla. Ina zaune bisa tabarma ina jan carbi na ji ana ihu, gobara, gobara.

Kafin in isa, hayaƙi baƙi ƙirin ya tokare sama. Maza sun fito masallaci da fararen riguna, suna ta miƙa wa juna bokiti, 'yan ga-ruwa na turo kura suna juye jarka. Allah ya kiyaye, ba ran da ya salwanta, wutar kuma ba ta tsallaka maƙwabta ba. Amma ɗakin ya tafi. Soson ya narke ya zubo bisa bango kamar kwalta. Kwamfutar ta lanƙwashe. Makirfon da na yi magana cikinsa sai guntun ƙarfe. Aikin fim ɗin mutane, da na wasu da ke jiran layi, duk yana cikin abin da ya ƙone.

Nan gaban jama'a jikana ya juya ga abokinsa, idonsa ja.

"Sau nawa na ce maka ka bar barin baturan nan bisa caji?"

"Wallahi na kashe kuran kafin mu fita." Su can Ƙonni haka suke ce wa wutar lantarki. Sai ya dubi ƙasa. "Ko ban kashe ba?"

Shi ke nan, magana ta zauna. Kowa ya ji da kunnensa. Ina tsaye a wurin, bakina ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Na ce wa kaina wataƙila baturan ne da gaske.

Kwana uku bayan nan na koma ni kaɗai. Ƙofar an cire ta, ƙaurin bai tafi ba. Na sa sandata na tona baƙin da ke jikin bango, ga tsingarona. Daga nan bangon ya fi cinyewa, baƙin ya hau sama kamar reshen itace. Lungun batura kuwa da sauran fenti a jikinsa. Ban yi karatu ba, amma na yi shekaru ina hura wuta, na san inda take farawa.

Duk da haka na yi shiru. Tsoron mi nake? Ba duka za a yi mini ba. Kunya ce, a ce tsohuwa da furfurarta ta ƙone wa jikanta sana'a. Tuwo ya daina wuce mini. Abokin kuma ya daina ƙetarowa.

Ran kwana na tara, da la'asar, sai ga sallamarsa. Ya durƙusa bakin ƙofata, ya rame.

"Kaka, wurinki na zo. Ki roƙar mini jikanki gafara. Ba ya ɗaukar wayata."

Na tambaye shi gida. Ya ce lafiya, sai dai labari ya riga shi isa Ƙonni. Wani da ya ba shi aikin jan waya a sabon gida ya aiko a ce ya bari. Wani ma haka. In ya wuce majalisa sai a rage murya. Yana faɗa yana murza hularsa, bai ɗora wa kowa laifi ba sai kansa.

Na ce masa, "Tashi ka koma. Gobe da hantsi ka zauna gida, kai da babanka."

Da safe na aika a kira jikana. Ya shigo shina ƙoƙarin wasa, na ce ya zauna. Na faɗa masa duka, daga tokar mai shayi har rufe ƙofa. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Turare, Kaka? Cikin soso?"

"Turare."

"Kwana tara kina kallona ina zagin bawan Allah?"

"Ina kallonka. Wannan ya fi wutar muni, kuma nawa ne. Tada babur."

Ya tada babur, na hau, munka wuce shingen iyaka. A zauren gidan su abokin munka iske uban, da ɗan, da maƙwabta biyu da sunka zo gaisuwa. Uban ya so a shigar da ni cikin gida wurin mata. Na ce a'a, gaban maza anka ɓata sunan yaron nan, gaban maza zan yi magana, maƙwabtan ma su zauna su ji su kai gaba. Na sake faɗa, ban rage komai ba.

Uban ya yi salati, ya ce, "Inna, ƙaddara ce, alheri kika nufa."

Na ce, "Turaren alheri na nufa. Shirun ba alheri ba ne. Ku yafe mini."

Abokin ya rufe fuska da hularsa. Jikana ya taso ya durƙusa gabansa, ya kama hannunsa. Can abokin ya sauke hula, ya share ido.

"To ni dai na san na kashe kuran," in ji shi.

"Ka kashe," in ji jikana. "Zan faɗa a tasha, zan faɗa a masallaci."

"Bangon fa, an kankare?" in ji abokin.

"Wa zai kankare? Kai nake jira."

Abokin ya shiga gida ya fito da jakar kayan aikinsa. Munka kamo hanyar Illela babur biyu, ni a bayan nasa, don shi ya ce in hau.