Dami a Kafaɗa

Ranar Talata ce, kaka ta yi. Na yi sallar asuba, na dama kunu, ni da 'yata Hauwa muka nufi gona wajen Kusasu. Maƙwabciyata Ladi, Bagwariya, ta riga mu zuwa da 'ya'yanta huɗu. Shekara ashirin shinge ɗaya ne tsakaninmu. Gwarawa ba sa ɗora kaya a ka, sai a kafaɗa. Ladi ta ce kai na Shekwo ne, wato Allah a bakinsu, ba a mai da shi jaki. Ni kuwa dariya nake mata, ni mai salla. Hauwa a gindinta ta girma, ita ma ta kwashi ɗaukar kafaɗar. Na yi faɗa har na gaji.

Da hantsi karnuka suka fara haushi. Sai ƙaho, sau biyu. Sai bindiga daga bakin rafi. Kafin mu yar da lauje, mahara sun zagaye gonar.

A cikinsu akwai wani malami, rawani kamar gammo, carbi har gwiwa. Wai shi zai ware musulmi daga arna, don kada a kama wanda bai halatta ba. Kun ji masu tsoron Allah! Bai tambayi kowa Fatiha ba, ina ya ga lokaci? Ya nuna tarin dawa da sanda.

"Kowa ya ɗau dami!"

Na ɗora a ka. Ya kaɗa sanda hagu, aka sake ni. Hauwa na bayana. Hannunta ya yi abin da ya saba. Dami ya sauka a kafaɗa.

"Igiya!" in ji malam.

Na kurma ihu, na ce musulma ce, ni na haife ta. Wani ya buga mini gindin mashi a baki. Haƙora biyu na bari a gonar. Malamin ko kallona bai yi ba, yana ta jan carbinsa, shashasha. Aka ɗaure 'ya'yan Ladi huɗu igiya ɗaya da Hauwa.

Ladi ce ta ƙarshe. Ta dube ni, ta dubi igiyar. Ta ɗaga damin ta ɗora a ka, karon farko tun da aka haife ta, hawaye na zuba. Malam ya kaɗa sanda hagu. Ga ilimi nan, ya musuluntar da ita da damin dawa.

Azahar ta same mu cikin daji. Ladi ta san hanya, ni ina bi. Duk tafiyar zaginta nake da baki mai jini, ina cewa ita ta koya wa 'yata, ita ta kashe ni. Ita kuwa ta tsinko mini kanya, ta nemo ruwa a kogon dutse.

Da la'asar muka tsaya. Na yi taimama, na ɗaga hannu, bakina ya ƙi. Ita ta durƙusa, ta kife goshi a ƙasa, tana magana da Gwaranci. Ban iya yaren sosai ba, amma na ji sunaye. Na ƙirga. Biyar. Na biyar ɗin Hauwa.

Nan na dubi kaina, ban ga abin so ba. Me na ce a gona? Musulma ce. Wato sauran huɗun, waɗanda na yi wa wanka suna jarirai, igiya ta dace da su. Ni da malamin nan bambancinmu rawani kawai. Tir da ni. Wanda take kira da wanda na kasa kira, ban ga alamar daban-daban suke ba.

Kwana biyu muka shiga Birnin Gwari. Babu wanda ya dawo daga igiyar nan. Ladi ta rasu bayan damina uku, a ɗakina.

Ni na rasa ɗaya, ita huɗu. Ta roƙa wa tawa tun ranar. Ni sai da aka binne ta na fara ambaton nata: Bawa, Tani, Jummai, da autarta Laraba.