Kwamfutar da Inna Ta Saƙa wa Riga

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ba ya son hoto. Duk duniya wuri ɗaya kyamara ta taɓa kama shi yana motsi: a faifan walimar auren ƙanwata, can wajen ƙarshe, bai fi minti biyu ba. Bayan rasuwarsa faifan nan ya zama dukiyar mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna. Ana nan sai na'urar kallon faifan ta mutu, faifan ya fara karcewa, ga kuma yanar ido ta soma rufe wa Inna gani. Wata rana ta ce da ni, ba tare da ta dube ni ba, "Kai, ina son in ƙara ganin Malam tun idon nan na gani." Ni ne ɗan farinta, ba ta kiran sunana, amma wannan "kai" ɗin ya ishe ni umarni.

Na kwafe bidiyon a filashi tun faifan bai ƙarasa lalacewa ba, na nufi shagon wani mai gyaran kwamfuta a wajen Ƙofar Guga. Ya nuna mini laftof, na ce ɗakin Inna ba ofis ba ne. Ya nuna mini ɗan akwatin nan da ake haɗawa da talabijin, na raina shi, na ce wannan na masu kallon ƙwallo ne. Daga ƙarshe ya ɗauko wata ƙaramar kwamfuta ta hannu, baƙa, girmanta bai wuce rabin burodi ba. Nan take ta shiga raina. A lokacin ina ji da kaina a harkar na'ura, don a wurin aikinmu ni ake kira idan firinta ta cije takarda. Na yi wa mutumin tambayoyin da ni kaina ban san amfaninsu ba, na saye, na kai gidanmu da ke Gobarau, na haɗa ta da talabijin ɗin Inna ina ta cika baki.

Ranar farko ba mu yi minti goma ba aka kira la'asar, muka kashe. Da na dawo bayan kwana uku, sai na tarar da kwamfuta sanye da riga. Ya kamata in bayyana cewa babu abin da ke zama tsirara a ɗakin Inna. Rediyo yana da riga, filas ɗin shayi yana da riga, rimot ma yana da tasa. Da zaren ulu da kwarashi take saƙa su, ko yanzu da idon ya yi rauni hannunta ya san hanya. Ta kwamfutar koriya ce da ratsin fari, ta kama ta cif-cif, an bar ƙananan kafofi iya inda wayoyi ke fita. Na yaba ƙwarai, har na ɗauki hotonta na tura wa ƙanwata.

Muka kunna. A nan na gano yadda Inna ke kallon bidiyo. Ba kallo take yi ba, ziyara take yi. Duk wanda ya bayyana sai an tsayar ta gaishe shi. Wannan ƙanin babanta ne, Allah ya gafarta masa. Wannan maƙwabciyarmu ce da ta koma Kambarawa, ko ya ƙafar tata? Wannan kuma har yau bai zo gaisuwar Malam ba, a wuce da shi. Muna cikin haka, an yi kusan rabin sa'a, ana raba waina a bidiyon, sai talabijin ta yi ɗif. Kwamfuta ta mutu da kanta.

Na ce, "Inna, bari in sake kunnawa in tsallaka kai tsaye zuwa wurin Baba."

Ta dube ni kamar na zagi baƙo. "Ka tsallake mutane? Mutanen da suka bar sha'aninsu suka taho mana biki? A'a. In ba za a bi su ɗaya-ɗaya ba, a bari."

Haushi ya kama ni, amma wa zan yi wa? Na ce zan kai ta gyara. Inna ta tuɓe mata rigar da hannunta, ta ninke, ta ce kada a ɓata mata da dauɗar shago. Mai gyara ya kunna kwamfuta, ta yi sa'a biyu tana aiki lafiya lau. Ya ce ko ƙwaƙwalwarta ce ta yi kaɗan, abin da suke kira ram. Na ce a ninka. Na dawo gida, Inna ta mayar mata da riga, muka fara daga farko. Aka sake gaida ƙanin baban Inna, aka sake tambayar ƙafar maƙwabciya. Ana zuwa wajen waina, ɗif.

Karo na biyu aka cire rumbun ajiyarta aka sa sabon samfuri mai sauri. A shago kamar ta tashi sama. A ɗakin Inna kuwa, wainar nan dai ba mu wuce ta ba. Na sauya wayar wuta, na sauya soket, na zargi wutar sola, na zargi talabijin. Ƙanwata ta riƙa bugo waya tana tambaya, "Yaya injiniya, an gama cin wainar?" Inna ba ta tsokane ni ba. Kullum dai kujerarta ƙara matsowa kusa da talabijin take yi, kuma wannan ya fi kowace tsokana yi mini ciwo.

Karo na uku a fusace na shiga ɗakin. Inna na salla, ban jira ta sallame ba, na fizge wayoyi, na cusa kwamfutar a jaka, na hau babur. A hanya har na shirya kalaman da zan zazzaga wa mai gyara. Na dire ta a kan teburinsa, ban ko gama gaisuwa ba. Ya dubi abin da na ajiye, koriya da ratsin fari. Ya ɗaga, ya juya, ya ɗora tafin hannunsa a kai.

"Malam, wannan hwa? A haka take aiki a gida?"

Na ce e, mene ne?

Sai da ya yi dariya har ya dafe tebur. Ya zare rigar, ya nuna mini ramukan da fanka ke fitar da zafi, duk ulu ya toshe su. "Ko kai aka sa ma rigar sanyi da rana tsaka aka ce ka yi gudu, ai sai ka hwaɗi. Lahiyarta lau tun ranar da ka saye ta."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Wata uku ina kallon rigar nan, har yabonta na yi.

Abin da ya rage shi ne gaya wa Inna, kuma na fi jin tsoron wannan, don na san da lalube ta yi saƙar. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce masana sun ce irin wannan na'ura tana son iska. Ta ce, "Mi kake son cewa? Rigar ce ba ta so?" Na ce e. Ta karɓi abinta ta ɗora a cinya, ta ce in kunna.

Muka fara daga farko, ba a tsallake kowa ba. Da aka zo wajen waina na zuba wa kwamfutar ido. Aka raba waina, aka cinye, aka kwashe kwanuka. Mutane suka fara tashi. Sai ga Baba ya fito daga zaure yana sallamar baƙi, bai san ana ɗaukarsa ba.

Inna ta ja mayafinta ta gyara, kamar yadda take yi in ta ji sallamarsa. A hankali ta ce, "Sannu da hidima, Malam." Ba ta ce in tsayar ba.

A kansa akwai wata hular saƙa, koriya da ratsin fari. Ya waiga hagu da dama kamar mai gudun kada a gan shi, ya cire ta, ya share gumi, ya tura ta cikin aljihu.

Inna ta yi dariya, hawaye na bin kuncinta. Ta shafa rigar da ke cinyarta.

"Ka gani ko? Shi ma haka yake yi mini. Shekara arba'in ina saƙa mashi hula, bai taɓa cewa tana mashi zahi ba." Ta goge ido da gefen mayafi, ta ƙara matso da kujera. "Kai, maido shi baya kaɗan. Ban gama ganinshi ba."