Takardun Ƙosan Mama

Wata Asabar ce a watan Afrilun 1997, ina da shekara goma, Baba ya ɗauko ni da Mama a kan babur zuwa Azuba don mu ga gidan da yake son saya. Lafia ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, ma'aikata sai tasowa suke daga Jos, mai gidan da muke haya kuma ya ce mu nemi wani wuri. Gidan Azuba ya yi kyau, ba ƙarya. Sabon kwano, rijiya a tsakar gida, mangwaro biyu, ga fili a baya da Baba ya riga ya gama yi wa kunyar doya a zuciyarsa. A tsallaken hanya akwai makaranta mai shuɗin fenti da ƙaton allo a bakin ƙofa. Dillali yana ta yabonta, sai Baba ya dafa kaina da alfahari, ya ce masa ni ce ta uku a ajinmu. "Rifkatu, karanta wa baƙo abin da ke jikin allon can."

Na san haruffan ɗaya bayan ɗaya, amma ban san yadda suke haɗuwa su zama magana ba. Shekara huɗu ina bin bakin 'yan aji, malami ya faɗa mu maimaita, ya rubuta a allo mu kwafe kamar zanen tabarma. Na tsaya ina kallon allon har fitsari ya kusa kuɓuce mini. Dillali ya yi tari ya juya yana duba rijiya. A hanyar komawa ina tsakanin Baba da Mama ina jiran duka. Dukan bai zo ba. Da muka sauka, Mama ta ce wa Baba da harshenmu na Eggon kada ya ba kowa alkawarin gida sai ta gama duba makarantu. Baba ya yi dariyar takaici, ya tambaye ta da wane idon za ta duba, ita da ba ta taɓa zama a aji ba.

Mama ƙosai take soyawa a bakin tasha, ni ce mai surfa wake da kai markaɗe kafin in tafi makaranta. A lokacin a takarda ake naɗe ƙosai, yawanci tsofaffin littattafan rubutun 'yan firamare. Gidaje uku dillali ya nuna wa Baba, a unguwanni uku. Sai Mama ta bi matan zumunta na cocinmu, da wata Bafulatana mai kawo mana nono wadda take zaga unguwannin, ta ce duk mai tsohon littafin ɗanta ta kawo, amma ta faɗi makarantar da yaron yake. Mako uku ana kawowa. Kafin ta yage ko shafi ɗaya, sai ta zauna a kan turmi da yamma, ta lashi yatsa tana buɗawa, tana ware su cikin tire uku. Ni ina gefe ina tsince wake, 'yan uwana suna 'yar gala-gala a waje, ban da ƙarfin zuciyar fita.

Ranar Lahadi bayan coci ta jera wa Baba tiren a gabansa. Na farko littattafan fes suke, babu alamar wani babba ya taɓa su. Na biyu na makarantar shuɗin fenti ne, kowane shafi da ƙaton maki ɗaya na jan biro daga sama har ƙasa. Na uku kuwa abin tausayi, ja ko'ina, an kewaye nan, an soke can, an yi ƙananan rubutu a gefe, yaro ya sake rubutawa a ƙasa. Na wata tsohuwar firamare ce a bayan kasuwa, wadda tagoginta duk sun karye. Baba bai ɓata lokaci ba, ya ɗora hannu a tire na biyu ya ce ga yara masu ƙoƙari, na ukun nan kuwa daƙiƙai aka tara. Mama ta shiga ɗaki ta fito da littafina, ta buɗe shi kusa da hannunsa. Maki ɗaya ƙato, kowane shafi, sak irin nasu.

"Baban Rifkatu, ga na 'yarka. Ita ma duk daidai ne."

Sannan ta ɗauki littafi ɗaya daga tire na uku, ta nuna masa farkonsa jawur, tsakiyarsa da sauƙi, shafukan ƙarshe kuwa sai ɗigo nan da can. "Ni ban iya karatu ba," in ji ta, "amma na san wannan malamar tana karantawa." Baba ya daɗe yana juya littafin. Ya ce gidan bayan kasuwa ba rijiya, kwanonsa ya yi tsatsa, ba inda zai dasa ko barkono. Mama ta ce ruwa a kai ake ɗaukowa, ita da 'ya'yanta suna da kai.

Gidan bayan kasuwar muka saya. Shekara shida ina jidar ruwa daga famfon unguwa kafin a buga ƙararrawa, da damina kuma mu tara robobi a ƙarƙashin yoyo. Aka mayar da ni aji uku, na fi kowa tsawo, yara suna ce mini Anti. Malama Saratu, mai jan biron nan, ƙarama ce mai siririyar murya, ba ta riƙe bulala. Littafina na farko ya dawo kamar an yanka kaza a kansa, na ɓoye shi a ƙarƙashin katifa ina kuka. Mama ta zaro shi, ta ɗaga shi sama tana guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Bayan shekara guda Baba ya ɗauke ni zuwa gonar wani abokinsa, muka bi ta Azuba. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na karanta allon nan daga sama har ƙasa, har da lokacin tashi. Baba ya taka birki a tsakiyar hanya, ya juya babur, ya koma gaban allon ya kashe inji. Ya ce in sake. Na sake sau uku, yana share ido da hularsa, yana cewa ƙwaro ne ya faɗa masa.

Na gama sakandare da sakamakon da har yanzu yana manne a bangon ɗakin Mama. Yau ni ma ina da 'ya a aji ɗaya, mijina kuma ya samo mana gida kusa da makarantarta, mai katanga da motar ɗaukar yara. Makon jiya na buɗe jakarta, na tarar da ƙaton maki a kowane shafi. Na nuna mata kalma ɗaya, ta dube ni da irin idon da na dubi Baba. A ranar na ce wa mijina ya dakata da maganar gidan, ya kuwa dakata. Na je tasha neman takardu, sai na tuna yanzu a leda ake zuba ƙosai. Mama ta ce in bar damuwa, matan zumunta suna nan, gobe za a fara kawowa. Na riga na wanke tire uku.