Hamissou Mai Daɓe da Duwatsun Lisbon

A unguwar Birni ta Damagaram aka haifi Hamissou, a gidan magina. Mahaifinsa shi ke yi wa fuskar gidaje zane da hannu tun laka tana ɗanya. Da siminti ya kori laka, aiki ya yi ƙaranci, sai Hamissou ya bar matarsa Zouera da 'ya'ya uku, ya bi 'yan garinsu zuwa Riyad. Shekara goma sha shida ke nan yana durƙushe a gefen titunan birnin yana shimfiɗa tayil da bulon daɓe na intalok, har gwiwoyinsa sun yi kanta irin ta raƙumi. In yana tafiya ba ya ɗaga kai ya dubi benaye. Ƙasa yake kallo, yana tsaki duk inda layi ya karkace.

Shi ya yi wa Mamane, ɗan kawunsa, hanyar zuwa. Ya sauke shi a ɗakinsu na unguwar Al-Shumaisi, ya koya masa Larabcin kasuwa, ya kai shi wurin aiki. Mamane bai rufa wata biyu ba ya ce bayansa ba zai iya ba. Sai Allah ya haɗa shi da wani dattijo a unguwar Al-Shifa wanda ƙafafu suka daina ɗauka. Aka mayar da iƙamarsa, wato takardarsa ta zama, hannun dattijon, ya koma tuƙa masa mota da tura masa keken guragu. Hamissou ya daɗe yana kiransa mai tura tsoho.

Da zafin bara ya kankama, iyalin dattijon suka shirya hutu a Lisbon, babban birnin Portugal. Dattijo ya ce ba inda za shi sai da Mamane. Aka nema masa biza.

"Yaya, me zan kawo maka tsaraba?" in ji Mamane ranar da ya zo sallama.

"Ka dai dawo da tsohon mutane lafiya," Hamissou ya ce, bai ɗago daga kwanon shinkafa ba.

A watannin zafi ana tsayar da aikin waje daga sha biyu zuwa uku na rana. A wannan hutun, yana kwance a inuwar kwantena, hotuna suka fara shigowa wayarsa. Ga Mamane a gaban wata tsohuwar ganuwa a kan tudu. Ga shi jingine da wani ɗan jirgin ƙasa rawaya mai bin tsakiyar titi. Ga shi da rigar sanyi, a watan Yuli, wai iskar teku. Hamissou ya share gumi, ya kife wayar.

Hoto na huɗu ne ya tashe shi zaune. Wani makeken fili ne da aka daɓe da ƙananan duwatsu farare da baƙaƙe, an jera su suna lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Ya buɗa hoton da yatsu biyu har fuskar Mamane ta fice gefe. Kowane dutse da hannu aka sare shi, babu biyu iri ɗaya, amma duk sun zauna daram.

Ya aika saƙon murya: "Kai, ɗauko mini ƙasan. Ƙasan kawai, ban da kai."

Washegari hoto ya zo. Mamane ya tsuguna yana washe baki, kansa ya rufe rabin zanen.

Abin ya tsaya wa Hamissou a rai. Hawan jirgi da kwanan otal ba su dame shi ba. Abin da ke cinsa shi ne, a duk mutanen da za su taka wannan daɓe, sai wanda ya gudu daga aikin daɓe. Ya daina amsa saƙo. A ɗaki kuwa ko ba a tambaye shi ba sai ya ce, "Turai ɗin me? Bauta ce dai aka canja mata gari."

Jibirilla, direban da suke ɗaki ɗaya, ya ce, "Hamissou, hassada ga mai rabo taki ce."

Kwana biyu Hamissou bai yi masa magana ba.

Mamane ya dawo, ya zo ranar Juma'a bayan masallaci da gwangwanin kifi uku. Kafin ya gama gaisuwa Hamissou ya tare shi.

"Me ke ƙarƙashin duwatsun nan? Siminti ko yashi?"

"Wallahi Yaya ban sani ba. Ni dai na san sun ci mini hannu. Garin duk hawa da gangara, tayar keke sai ta maƙale. Duba." Ya buɗe tafin hannunsa, duk ya yi bororo.

"Kwana goma sha biyu kana tattakawa, ba ka sunkuya ka ɗaga ko guda ba?"

"In tone titin mutane su ɗaure ni?"

Kowa ya yi dariya ban da Hamissou.

A makon da ya biyo, ya tara guntayen tayil farare da baƙaƙe da aka zubar a bayan ginin da suke aiki. Kwana huɗu yana fasa su da guduma a lokacin hutu, yana jerawa a kan yashi, har igiyar ruwa ta fito, taku biyu tsawonta. Injiniyan wurin ya zo wucewa, ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ya ce ya yi kyau. Sannan ya ce a kwashe kafin la'asar, ba ya cikin zanen aikin.

Hamissou ya ɗauki hoto kafin ya sa shebur. Ya buɗe sunan Mamane a waya, ya fasa, ya tura wa Zouera. Ta tambaye shi ko sabuwar tabarma ya saya.

Har yau yana nan a Al-Shumaisi, kuma ranar Juma'a tare suke cin abinci da Mamane. Kwanan baya Mamane ya ce dattijo yana maganar Italiya bana, wani gari da aka ce titunansa ruwa ne. Hamissou ya ajiye cokali, ya ce bari ya je bakin titi ya sayo shayi, ya fita. Jibirilla ya dubi butar shayin da ke gabansu cike, ya zuba wa Mamane.