Iskar Tayar Motar Hajiya

Idan ka je tashar Ɗanzomo ka tambayi Ishaƙ direba, za a nuna maka wani dogon dattijo a kan benci, gefen rumfar Ɗantala mai faci, da tsinken ashana maƙale a bayan kunne. Ba ya shan taba, bai taɓa sha ba. Tsinken na wani aiki ne daban, kuma aikin ne ya kai shi zaman bencin nan.

A Ɗanzomo aka haife shi, ɗan Talatu mai ƙosai. Noma bai karɓe shi ba, don duk kunyar da ya ja a gonar mahaifinsa sai ta karkace, har tsohon ya haƙura ya bar shi ya bi mota. Shekara goma sha ɗaya yana jan babbar mota da shanu daga Maigatari zuwa kudu, shekara goma sha tara yana tuƙa motar asibiti, har ya yi ritaya. A shekarun nan talatin bai tara komai ba sai gida mai ɗaki uku, da ciwon gwiwa, da suna. Sunan kuwa ba ƙarami ba ne. Kowa ya san abin da wasu direbobi, Allah ya shirye su, ke yi da tiyo da jarka da zarar mai mota ya juya baya. Ishaƙ bai taɓa zuƙar ko cokali ɗaya daga tankin wani ba, kuma yana faɗa yana maimaitawa, har abokansa suka gaji suka laƙaba masa Na-Amana. Yana jin daɗin sunan fiye da kima, wannan kam ba a ɓoye ba.

Saboda sunan ne Alhaji Abdulfatah ya neme shi. Alhajin ma'aikaci ne a Abuja, ya saya wa mahaifiyarsa, Hajiya Safara'u, wata ƙaramar jif ruwan toka don a riƙa kai ta asibiti a Gumel duk Litinin da Alhamis, a duba sugarta da hawan jini. Hajiya ta ƙi barin ƙauyensu, Garin Kyauta, wanda rairayi ya raba shi da kwalta. Ƙawar Talatu ce tun suna 'yan mata, ita ta yi wa Ishaƙ wankan farko da hannunta yana jariri. Don haka da aka miƙa masa makulli, bai ɗauke shi aikin ƙwadago ba.

Alhaji Abdulfatah ba mugu ba ne, mutum ne mai son komai ya zauna daidai a takarda. Ya buɗe littafin motar, ya ga an rubuta lita ɗaya tana kai ta kilomita goma sha uku. Ya auna hanya a wayarsa, ya ga tafiyar mako kilomita ɗari biyu ce. Sai ya shirya da wani gidan mai a Gumel a riƙa zuba lita goma sha bakwai duk mako, har da ƙari a ganinsa. Waɗanda suka rubuta littafin nan dai ba su taɓa ganin rairayin Garin Kyauta ba, kuma da sun gani da sun ajiye biro.

Duk direban yankin nan ya san dabarar rairayi. Sai ka rage wa taya iska ta baje, ta hau kan yashi maimakon ta nutse. Da ka taka kwalta kuma sai ka nemi mai faci ya cika ta, don taya mai laushi jan ƙafa take yi a kan titi, mota ta yi ta shan mai kamar ba gobe. A jikin ƙofar jif ɗin an rubuta ma'aunin iskar taya, talatin da uku. Ishaƙ yakan durƙusa, ya danna bakin iskar da tsinken ashana, ya ƙirga arba'in a kowace taya, sai ta sauko ashirin da biyu, ba ya kuskure. A Ɗanzomo Ɗantala ya mayar da ita talatin da uku. Da haka man yake isa, da ƙyar, amma yana isa.

A shekara ta biyu, wata Alhamis, sun bar rumfar Ɗantala ke nan, taya ta faɗa ramin farko da ke bayan kwalbati. Ishaƙ ya ji wani sauti daga kujerar baya wanda bai taɓa ji daga bakin Hajiya ba. Ya gangara gefe ya kashe mota. Ta cusa gefen mayafi a baki, gumi yana bin fuskarta.

"Hajiya, lafiya?"

"Ishaƙa, rufe ƙofar ka saurare ni," in ji ta. "Ba suga ke kai ni Gumel ba yanzu. Likita ya ce ciwon ya shiga ƙashin baya, kuma ba mai fita ba ne. Idan Abdulfatah ya ji, gobe zai kwashe ni ya kai Abuja, ya ajiye ni a saman bene, in mutu cikin mutanen da ban san iyayensu ba. Kabarin Malam mijina yana Garin Kyauta, nan nake so a sa ni. Ka yi mini alkawari ba zai ji daga bakinka ba."

Ya yi mata. Me zai ce wa matar da ta san shi tun bai san kansa ba?

"Sannan abin nan da kake yi wa ƙafafun motar a rairayi," ta ce, "idan ka yi shi, ba na jin hanyar a bayana sosai. Ka bar ta haka har Gumel."

Ya sauka ya durƙusa da tsinkensa. Daga ranar bai sake tsayawa a rumfar Ɗantala ba. Taya mai laushi ba ta son gudu a kan kwalta, zafi take ɗauka, don haka sai ya riƙa lallaɓawa a ƙaramar giya, yana kewaye kowane rami, masu babur suna wuce shi suna dariya. Hajiya ta samu sauƙi, har takan yi gyangyaɗi. Motar kuma ta buɗe baki. Lita goma sha bakwai ta koma ƙarewa tun ranar Alhamis da hantsi.

Da farko ya riƙa cikawa daga ɗan fanshonsa, a wurin 'yan bumburutu na bakin hanya. Matarsa Asama'u ta ce ita ba ta taɓa ganin direban da ke ciyar da motar mai gida ba, ya ce ta yi haƙuri, bai gaya mata dalili ba. Da mai ya yi tashin da ya yi bayan an janye tallafi, abin ya fi ƙarfinsa, dole ya buga wa Alhaji waya. Alhaji ya ƙara, ya sake ƙarawa, sannan ya fara tambaya. Ishaƙ ya ce rairayi ne. Alhaji ya ce ai bara ma da rairayin. Ana cikin haka wani mai son a san da shi ya kai labari Abuja cewa ya ga Na-Amana da jarka a hannu a rumfar 'yan bumburutu. Gaskiya ya faɗa, sai dai bai tsaya ya ga ko saye ake yi ko sayarwa ba.

Tun Alhaji yana yaro Yaya Ishaƙ yake ce masa. A wayar da ta biyo baya, Malam direba ya ce. Ishaƙ ya daɗe riƙe da wayar bayan an kashe. Wannan ya yi masa ciwo fiye da zagi. Magana ɗaya ce za ta wanke shi, tana bakinsa, kuma ba tasa ba ce da zai faɗa.

Wata ranar Laraba Alhaji ya iso Garin Kyauta. Ya ce gobe shi zai tuƙa da kansa, a ga abin da motar ke sha a gaban kowa. Da safe suka ratsa rairayi, suka tsaya a Ɗanzomo, ya sa Ɗantala ya cika kowace taya daidai yadda aka rubuta a ƙofa, yana tsaye a kansa yana duba ma'auni. Ishaƙ ya zauna a gaba, gefen direba, wurin da bai saba ba. Ta madubin gefe yana iya hango rabin fuskar Hajiya.

Alhaji ya iya tuƙi irin na titin Abuja. Ramin bayan kwalbati ya wuce, na biyu ya wuce, suka shiga gargada. Hajiya ta kama mariƙin saman ƙofa da hannu biyu, ta rufe ido, mayafi a baki. Ishaƙ ya kawar da kai, ya sake dubawa. Ya san akwai sauran tafiyar fiye da rabin awa a haka.

"Alhaji, tsaya."

"Me ya faru?"

"Ka tsaya, don Allah."

Motar ba ta gama tsayawa ba ya buɗe ƙofa. Ya durƙusa a tayar baya, gwiwarsa tana ƙara, ya zaro tsinke ya danna. Ya ƙirga arba'in, ya koma ta gaba. Alhaji ya fito ya tsaya a kansa, ya kasa gaskata idonsa.

"Malam direba, me kake yi? Gwajin ne ba ka so a ƙarasa?"

Ishaƙ ya ɗaga kai ya dubi taga. Hajiya ta buɗe ido, ta girgiza masa kai kaɗan, kaɗan ƙwarai.

"Haka na saba, ranka ya daɗe," in ji shi, ya zagaya ɗaya gefen ya ƙarasa sauran biyun.

Da suka isa Gumel Alhaji ya ce makullin zai zauna a hannunsa. Hajiya ta yi ƙarfin hali ta ce, "Abdulfatah, ɗan Talatu ba ɓarawo ba ne."

"To ina man yake tafiya, Hajiya?"

Sai da ɗanta ya shiga karɓo kati ta kira Ishaƙ bakin taga, ta ce, "Ka yafe mini, Ishaƙa. Na ci amanar Talatu a kanka." Ya ce ba komai, Allah ya ba ta lafiya. Ƙarya ya yi, akwai komai. A bayan a-kori-kura ya koma gida, kuma kafin ya isa labari ya riga shi tasha. Har yau ana ce masa Na-Amana, amma wasu da murmushi suke faɗa.

An ɗauki sabon direba, Abdulƙahhar, magidanci mai hankali. Duk Litinin da Alhamis yana fitowa daga rairayi ya tsaya a rumfar Ɗantala, shi ya sa Ishaƙ ke zama a bencin. Sau ɗaya ya ja shi gefe ya ce, "Ka bar ta a ashirin da biyu, ka tafi a hankali. Kada ka tambaye ni dalili."

"Baba, 'ya'yana biyar," in ji Abdulƙahhar. "Na ga yadda aka yi da kai."

Ishaƙ bai ga laifinsa ba. An ce yanzu Alhaji hankalinsa ya kwanta, mai yana isa har da ragowa. Lambarsa tana nan a wayar Ishaƙ, kuma ba ranar da ba ya buɗe ta ya duba.

Alhamis ɗin da ta wuce ma jif ɗin ta zo. Yayin da Ɗantala ke cika tayoyi, Ishaƙ ya je bakin taga ya gaida Hajiya. Ta rame, ta ɗaure ƙugu da zani tamau, hannunta tuni yana kan mariƙin ƙofa. Ta ce lafiya lau, ya ce madalla. Motar ta hau titi, shi kuma ya tsaya a rana yana bin ta da ido har kwalbati, inda ramin farko yake, yana jiran ya ga jar wutar birki ta kama. Ba ta kama ba.